Ɗaurin Talala a Ofishin Gwamnati: Fashin Baƙi Kan Buɗaɗɗun Ƙa'idoji da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Mutum ɗaya idan manhaja ta ba shi haushi, gobe sai ya goge ta ya ɗora wata, babu wanda zai ji labari. Gwamnati ba ta da wannan gatan. Abin da ta rubuta yau, takardar mallakar fili ce ko rajistar haihuwa ko hukuncin kotu ko lissafin fansho, dole ne ya karantu bayan shekara 50 ko 100, lokacin da ma'aikacin da ya shigar da shi ya daɗe da ajiye aiki, kamfanin da ya ƙera manhajar kuma wataƙila ko sunansa ba a tunawa. Ga kuma nauyi na biyu. Duk abin da gwamnati ta zaɓa, jama'a gaba ɗaya ta zaɓar wa. Idan fom ɗin biyan haraji ba ya buɗuwa sai da manhajar kamfani kaza, to an mayar da kowane ɗan ƙasa abokin cinikin wannan kamfani ko yana so ko ba ya so, kuma majalisa ba ta taɓa zama a kan hakan ba.

Daga nan maganar buɗaɗɗun ƙa'idoji da buɗaɗɗiyar manhaja ta taso. Masu tallata ta sun fi son su fara da kuɗi: a daina biyan lasisi, a tara miliyoyi. A wurina wannan ce hujjarsu mafi rauni, kuma ita ce ke jawo wa tafiyar baƙin jini duk lokacin da lissafi ya ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce, ran da gwamnati ta so rabuwa da mai sayar mata da manhaja, za ta iya tattara bayananta ta fita? Ko kuwa ɗaurin talala aka yi mata, tana yawo a fili amma bakin igiyar na hannun wani?

Abu biyu ne ake yawan gwamutsawa a nan, kuma raba su yana rage rabin hayaniyar. Ƙa'ida yarjejeniya ce rubutacciya a kan yadda za a tsara bayani cikin fayil, ko yadda na'ura biyu za su yi magana da juna. Tana zama buɗaɗɗiya idan an wallafa ta kowa na iya karantawa, kowa na iya ƙera abin da ke aiki da ita ba tare da neman izini ko biyan kuɗin haƙƙin mallaka ba, sannan babu kamfani ɗaya da ke da ikon sauya ta shi kaɗai. Saboda irin wannan ƙa'ida ne mai Gmail ke aika wa mai Yahoo saƙon imel ya isa lafiya. Yanar gizo ma haka: a ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar bincike ta CERN ta sakar wa duniya fasahar kyauta, shi ya sa shafi ɗaya ke buɗuwa a burauzar kowane kamfani.

Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa magana ce ta tushe, wato rubutun umarnin da masu ƙira suka yi kafin a mayar da shi abin da kwamfuta ke gudanarwa. Idan lasisin ya ba kowa damar karanta wannan tushe, ya yi aiki da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, to manhajar buɗaɗɗiya ce. Linux, wadda ke gudanar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, da burauzar Firefox da manhajar ofis ta LibreOffice duk 'yan wannan gida ne.

Ana iya samun ɗaya babu ɗaya. Rufaffiyar manhaja na iya bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida sau da ƙafa, buɗaɗɗiyar manhaja kuma na iya ajiye bayani cikin wani tsari da babu mai gane shi sai ita. Idan aka ce gwamnati ta ɗauki ɗaya kawai, ƙa'ida zan ce ta ɗauka, domin ita ce ke bar mata ƙofar fita a buɗe. Manhaja ana canza ta duk bayan 'yan shekaru, bayanan ne ke zama.

Koriya ta Kudu ta ɗanɗani abin da rashin wannan ke haifarwa. A ƙarshen shekarun 1990 Amurka na hana fitar da fasahar ɓoye bayanai mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje, sai Koriya ta ƙirƙiri nata tsarin mai suna SEED, ta kuma wajabta takardar shaidar lantarki ga harkar banki da saye da sayarwa ta intanet. Niyyar ba ta da aibu. Amma hanyar da aka bi wajen aiwatarwa ita ce ActiveX, wata fasahar Microsoft wadda ba ta aiki sai a burauzar Internet Explorer a kan Windows. Ƙasar da ake buga misali da ita wajen saurin intanet ta shafe shekara da shekaru 'yan ƙasarta ba sa iya biyan kuɗi ko shiga shafin hukuma sai da burauza ɗaya, har bayan sauran duniya ta yi gaba. Sai a 2020 aka soke matsayi na musamman da doka ta ba waccan takardar shaida. Babu wanda ya zauna ya yanke cewa a ba kamfani ɗaya kasuwar ƙasa. Wani zaɓi ne na fasaha da aka ɗauka ƙarami, ya zo ya ci kusan shekara 20.

Rikicin da ya fi tona asirin yadda ake wasa da ƙa'idoji shi ne na takardun ofis. A 2005 ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta amince da ODF a matsayin buɗaɗɗen tsarin ajiye takardu da jadawalin lissafi, a 2006 kuma hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta sa masa hannu. A daidai wannan lokacin jihar Massachusetts ta Amurka ta sanar cewa takardun hukumominta za su koma buɗaɗɗen tsari. Jiha ɗaya ce, amma kowa ya gane inda maganar ta dosa: muddin gwamnatoci suka fara sharɗanta buɗaɗɗen tsari, tsohon tsarin Word wanda Microsoft kaɗai ya san cikinsa zai fita daga kasuwar gwamnati. An yi ta matsin lamba ta fuskar siyasa da jarida, har shugaban sashen fasahar sadarwa na jihar, Peter Quinn, ya ajiye aiki.

Microsoft bai tsaya musu kawai ba, ya kawo nasa tsarin, OOXML, ya nemi ISO ta amince da shi ta hanyar gaggawa. Kundin ya haura shafi 6,000, alhali na ODF bai kai 1,000 ba. A cikinsa akwai wuraren da aka ce a yi tazarar rubutu yadda Word 95 ke yi, ba tare da an bayyana yadda Word 95 ɗin ke yi ba. To wane ne zai iya bin wannan umarni in ba wanda ya ƙera Word 95 ba? A zagayen farko na ƙuri'a, cikin Satumban 2007, tsarin bai samu rinjayen da ake bukata ba. A Sweden an soke ƙuri'ar ƙasar, kuma Microsoft ya amsa cewa wani ma'aikacinsa ya yi wa kamfanonin da ke hulɗa da shi tayin lada idan suka shiga kwamiti suka zaɓi tsarin. Duk da haka a Afrilun 2008 aka amince da shi. Afirka ta Kudu da Barazil da Indiya da Venezuela suka ɗaukaka ƙara, ba su yi nasara ba. A Norway wasu 'yan kwamitin fasaha suka yi murabus don nuna fushinsu.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙuri'ar kanta koyarwa. An raba OOXML gida biyu, tsantsar tsari da kuma na wucin gadi mai ɗauke da tarkacen tsofaffin manhajoji. Na wucin gadin ne Office ke ajiye takarda da shi idan mutum bai canza komai ba, har yau. Don haka gwamnati na iya rubuta cikin dokarta cewa ba ta yarda da komai sai mai hatimin ISO, ta kuma wayi gari takardunta na buɗuwa daidai a manhaja ɗaya, a sauran kuma layuka su karkace, jadawali ya watse. Hatimi kaɗai bai isa shaida ba. Gwajin gaskiya shi ne a samu aƙalla manhaja biyu daga masu ƙira daban da ke karanta fayil ɗin su rubuta shi ba tare da ya lalace ba. Birtaniya ta bi ta wannan hanya a Yulin 2014, ta zaɓi ODF don takardun da ake aiki a kansu tare, PDF/A da HTML kuma don waɗanda karantawa kawai za a yi. Ba ta hana kowa sayen Office ba. Cewa ta yi kada a tilasta wa ɗan ƙasa sayen wata manhaja kafin ya karanta abin da gwamnatinsa ta rubuta.

To ina amfanin buɗe tushen manhajar, idan ƙa'ida ta riga ta buɗe ƙofa? Amsa mafi tsafta da na sani ta fito ne daga Peru a 2002. Wani ɗan majalisa, Edgar Villanueva, ya gabatar da ƙudurin da zai sa hukumomi su yi aiki da buɗaɗɗiyar manhaja. Shugaban reshen Microsoft na ƙasar ya rubuta masa wasiƙar suka, shi kuma ya mayar da martanin da ya zagaya duniya. Bai kafa hujja da araha ba. Ya kafa ta ne a kan abu uku: damar ɗan ƙasa ta samun bayanan hukuma, ɗorewar waɗannan bayanai, da tsaron ƙasa. Gwamnati amana take riƙe da ita, kuma mai riƙon amana bai kamata ya dogara da na'urar da aka hana shi leƙa cikinta ba.

Wanda ke ganin wannan falsafa ce kawai, ya dubi abin da ya faru a hukumar gidan waya ta Birtaniya. A 1999 aka fara aiki da manhajar lissafi mai suna Horizon, ƙirar kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna gibin kuɗi a rassan da babu abin da ya ɓace. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun tsiyace, wasu sun kashe kansu. Kotu na ɗaukar cewa kwamfuta daidai take sai an kawo hujjar akasin haka, wanda ake tuhuma kuwa ba shi da hanyar kawo hujjar, tunda cikin manhajar da rajistar kurakuranta suna hannun waɗanda ke da bukatar a ɓoye su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa Horizon cike yake da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin na iya shiga lissafin reshe daga nesa, abin da aka daɗe ana musantawa. Ba zan ce buɗe tushen manhajar shi kaɗai zai hana wannan ta'asa ba, domin akwai mutanen da suka san gaskiya suka danne ta. Amma da lauyan ko mutum ɗaya daga cikinsu na da ikon ɗauko masani mai zaman kansa ya duba, da wuya ƙaryar ta kai shekara 20. Yanzu da manhaja ke tantance wanda zai samu tallafi da wanda za a bincika kan haraji, wannan magana ta wuce ta gidan waya.

Batun kuɗi kuwa, gaskiyarsa gajeriya ce. Lasisi ɓangare ne kawai na abin da ake kashewa. Akwai horar da ma'aikata, akwai masu gyara, akwai sauya tsofaffin takardu, akwai ƙananan manhajoji na musamman da aka ƙera su jingine da tsohon tsari. A shekarun farko na sauyi kashe kuɗi kan ƙaru ne, tunda tsari biyu ake ɗauke da su lokaci guda. Sai dai akwai wani rashin adalci da ake yi wajen lissafin: kuɗin ficewa daga tsohuwar manhaja ana ɗora shi a kan sabuwar, alhali bashi ne da aka ci tun ranar da aka sayi tsohuwar. A 2014 gwamnatin Birtaniya ta biya Microsoft fam miliyan 5.5 don ya ƙara mata shekara ɗaya ta kula da Windows XP, saboda hukumominta ba su shirya fita ba. Kamfani ne ya sa ranar daina kula da manhajar, gwamnati ta bi.

Duk mai son kushe wannan tafiya, sunan da yake fara kamawa shi ne birnin Munich na Jamus, don haka ya kamata a tsaya a kansa da kyau. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows ta koma Linux. Maganar ta girgiza Microsoft har shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa wurin magajin gari Christian Ude da tayin ragi mai tsoka. Birnin ya ƙi. Aikin, wanda aka raɗa wa suna LiMux, ya ɗauki shekara 10, zuwa 2013 an sauya kwamfuta kusan 15,000, birnin kuma ya ce ya rage kashe fiye da Yuro miliyan 10. A 2014 aka samu sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa ba ya ƙaunar tsarin ba. A 2016 Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. A 2017 majalisa ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusa Yuro miliyan 50.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a labarin. Masu adawa suka ce ga shi nan, Linux ba ta iya aikin gwamnati. Magoya baya suka nuna hedikwatar suka ce ciniki aka yi. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Ƙorafin ma'aikata gaskiya ne, kuma babban tushensa shi ne musayar takardu: Munich na rubutu da tsari ɗaya, gwamnatin tarayya da sauran birane da 'yan kwangila na aiko mata da wani. Kullum ma'aikaci na fama da takardar da ta zo a karkace, kuma a idonsa laifin kwamfutar da ke gabansa ne. Wato birnin ya canza manhaja shi kaɗai a cikin ƙasar da ba ta daidaita ƙa'ida ba. Na biyu, harkar kwamfuta a birnin a warwatse take tsakanin sassa da dama, kowane da shugabansa da tsarinsa, har binciken da birnin ya sa aka yi masa ya nuna cewa matsalar tsarin gudanarwa na da babban kaso a cikin abin da ake kuka da shi. Na uku, aikin ya rataya ne a wuyan 'yan siyasar da suka fara shi, da suka tafi sai ya zama maraya. Abin dariya kuma, a 2020 sabuwar haɗakar da ta karɓi majalisar ta sake rubuta cewa za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda ya yiwu. Birni ɗaya ya biya kuɗin ƙaura sau biyu cikin shekara 20.

Rundunar jandarmomin Faransa ta yi irin wannan tafiya ba tare da an ji amonta sosai ba, kuma jerin matakan da ta bi ne abin lura. A 2005 ta koma buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta OpenOffice alhali kwamfutocin na kan Windows. A 2006 ta kawo Firefox da manhajar imel ta Thunderbird. Ta kuma riƙa mayar da manhajojin aikinta su zama masu buɗuwa ta burauza. Sai a 2008 ta fara sauya Windows ɗin kansa da nata nau'in Linux mai suna GendBuntu, wanda ya kai ga kwamfuta fiye da 70,000. Kafin a taɓa gindin, jandarma ya riga ya saba da duk abin da yake dannawa kullum, don haka ranar sauyin bai ga wani baƙon abu ba. Gaskiya ne runduna ce mai bin umarni daga sama, ba a yin zaɓe a cikinta duk bayan 'yan shekaru, wannan ya taimaka. Amma tana da nata ƙwararrun a cikin gida, kuma ta fara da abin da ya kamata a fara da shi. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar sauya kwamfuta kusan 30,000, irin wannan jeri ta ɗauko: LibreOffice da ODF tukuna, imel ya biyo baya, Linux daga ƙarshe.

Duk wannan fa a kan kwamfutar tebur ne, kuma a ganina an ba ta muhimmancin da ya wuce nata. Inda kuɗin gwamnati ke zurarewa da gaske shi ne manhajojin da take bayar da kwangilar a ƙera mata: na haraji, na albashi, na asibiti, na rajistar ƙasa. A nan ake ganin abin mamaki. Hukuma ta biya kuɗin ƙira tun daga harafin farko, amma kwangilar ta bar mallakar tushen a hannun ɗan kwangila. Bayan shekara uku ana son ƙara shafi ɗaya, babu mai iya taɓawa sai shi, farashi kuma abin da ya faɗa. Wata hukumar a gini na gaba na bukatar abu iri ɗaya, sai a sake sayar mata da shi sabo. Jama'a sun biya sau biyu, ba su mallaki komai ba.

Wannan ne ya sa a 2017 FSFE, ƙungiyar Turai mai fafutukar 'yancin manhaja, ta fara gangamin da takensa ke cewa abin da aka ƙera da kuɗin jama'a ya zama na jama'a. Dokoki sun bi ta wannan layi a wurare da dama. Amurka ta fitar da manufa a 2016 da ta nemi hukumomin tarayya su saki aƙalla kashi 20 cikin 100 na sabuwar manhajar da aka ƙera musu, a matsayin gwaji. Dokar Italiya ta wajabta wa hukuma ta duba ko wata hukumar na da abin da take nema, ko akwai buɗaɗɗe, kafin ta sayi rufaffe. Switzerland ta yi dokar da ta fara aiki a 2024, wadda ta sa hukumomin tarayya su wallafa tushen abin da suka ƙera ko aka ƙera musu, sai dai in haƙƙin wani ko dalilin tsaro ya hana.

Inda abin ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Estoniya ta fara X-Road a 2001 don hukumominta su riƙa musayar bayani ba tare da an tara komai a rumbu ɗaya ba. Ta buɗe tushensa a 2016, a 2017 kuma ita da Finland suka kafa cibiya ɗaya da ke kula da shi, suna raba ɗawainiya. DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya da Jami'ar Oslo ke jagoranta, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau ma'aikatun lafiya a ƙasashe fiye da 70 na amfani da ita, yawancinsu a Afirka da Asiya. Ƙasar da ba ta da ƙarfin ƙera irin wannan daga tushe na ɗauka ta daidaita da bukatarta, bayanan na zaune a hannunta, gyaran da wata ƙasa ta yi kuma kowa ya amfana. Sirrin waɗannan biyu ɗaya ne: akwai wata cibiya mai albashi da kasafi wadda aikinta kenan kullum. Tushen da aka watsa a intanet aka juya baya, babu bayani babu mai amsa tambaya, ba ya amfanar kowa, kuma irinsa sun fi yawa.

Sai tsaro, inda kowane ɓangare ke da abin kunyarsa. Masu tsoro na cewa buɗe tushe tamkar nuna wa masu kutse hanya ne. Masana tsaro sun daɗe da watsi da wannan, domin tsarin da amincinsa ya dogara ga kada a san yadda yake aiki, ran da aka sani ya gama yawo. Kutsen da aka yi ta hanyar kamfanin manhaja na SolarWinds, da aka gano a ƙarshen 2020, wanda ya ratsa ma'aikatun Amurka da dama, ta rufaffiyar manhaja ya shigo. Amma su ma masu cewa idanu da yawa na kama kowane kuskure, Heartbleed ya ba su kunya a 2014. Kuskure ne a OpenSSL, manhajar da ke tsare wani babban yanki na intanet, ya kwana shekara biyu a fili babu wanda ya lura. Da aka bincika sai aka tarar mutum ɗaya ne ke aikin cikakken lokaci a kanta, gudummawar da ake samu kuma ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. A Maris na 2024 an sake tsallake rijiya da baya: wani da ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne ya dasa ƙofar sirri a xz, ƙaramar manhajar da ke cikin kusan kowace Linux. Wani injiniya, Andres Freund, ya gano ta saboda ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Buɗewar tushen ce ta ba shi damar bin sawu har ya kamo abin, amma sa'a ce ta sa ya duba. Gwamnatin da ke cin moriyar irin waɗannan manhajoji ba ta sa ko sisi wajen kula da su ba, ganganci take yi. Jamus ta fahimci haka, a 2022 ta kafa asusu na musamman da ke biyan masu kula da irin waɗannan ginshiƙai.

Me ya sa to manufofi masu daɗin karantawa ke mutuwa a aljihun tebur? Afirka ta Kudu ta amince da manufar fifita buɗaɗɗiyar manhaja tun 2007, Indiya ta fitar da tata a 2015, ƙasashe da yawa na da irinsu, amma sayayya ta ci gaba kusan yadda aka saba. Dalilin yana ofishin bayar da kwangila. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗa yakan kwafo na bara ne, na bara kuma sunan wata haja ke ciki ƙarara. Babban kamfani na da wakilai masu zarya a ma'aikatu, buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da mai kai ta ofis. Sannan jami'in ya san idan ya sayi sanannen suna abu ya lalace, ba a ganin laifinsa, idan kuwa ya gwada wani abu daban ko firinta ce ta ƙi aiki, shi za a kira. Ba mugunta ba ce, kare kai ne. Maganinsa sharuɗɗa ne da za su shiga kowace kwangila: a bayyana aikin da ake so ba sunan haja ba, tushen abin da aka ƙera ya zama mallakar hukuma, a gwada fitar da bayanai cikin buɗaɗɗen tsari tun kafin a biya kuɗin ƙarshe, a kuma sa kuɗin ficewa cikin farashin da ake gwada 'yan takara da shi. Holan na da jerin ƙa'idojin da hukuma za ta bi, in kuma ta kauce ta rubuta dalili. Ko wannan ɗan nauyin na rubuta dalili yana sauya lissafin jami'i. Duk da haka babu sharaɗin da zai yi aiki idan hukuma ba ta da ma'aikacin da zai iya karanta abin da ɗan kwangila ya kawo ya ce bai cika ba. Wadda ta sallami ƙwararrunta ta miƙa komai ga 'yan kwangila, ko an ba ta tushen a hannu, wurin ɗan kwangilar za ta koma ya karanta mata.

Yanzu ma filin dagar ya matsa. Manhaja ta bar kwamfutar ofis ta koma rumbunan manyan kamfanoni, ana haya ana shiga ta intanet. Abin ban sha'awa, yawancin waɗannan rumbuna a kan Linux suke gudana, amma hakan bai ba mai haya 'yancin komai ba, tunda ba shi ke riƙe da na'urar ba, kuma hidimomin da aka gina a sama na kamfanin ne shi kaɗai. Shigar da bayani kyauta ne, fitar da shi ne ake caji. Ga kuma tambayar dokar wace ƙasa ke hawa kan bayanan: dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye su, kuma a 2025 wani babban jami'in Microsoft a Faransa ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar cewa ba zai iya ba da tabbacin hakan ba zai taɓa faruwa ba. Tarayyar Turai ta mayar da martani da dokar bayanai wadda ta wajabta wa masu rumbu sauƙaƙa wa abokin ciniki komawa wani wuri, ta kuma haramta cajin kuɗin ƙaura daga Janairun 2027. Ƙasashen da ba su da girman kasuwar da za su kafa wa waɗannan kamfanoni doka, abin da ya rage musu shi ne takardar kwangilar da ke gabansu, kuma kafin sa hannu ne kawai suke da bakin magana a kanta.